Doki Yana Da Kilisa, Mabushin Kakaki Fa?

Cikin kalmomin da 'yan boko suka aro daga fada, babu wadda ta samu shiga kamar kakaki. Majalisar dokoki tana da kakaki, rundunar 'yan sanda tana da nata, jam'iyya tana da nata, hatta ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba ta cika ƙungiya ba sai ta naɗa wanda zai riƙa magana da yawunta. Hikimar aron a fili take: kamar yadda dogon ƙahon nan na ƙarfe yake riga sarki isa kunnen jama'a, haka mai wannan muƙami yake riga hukumarsa isa gidan rediyo. Sai dai kakakin aro yana da mota da direba da alawus na asibiti, in muryarsa ta dushe a nemo masa zuma da lemon tsami. Shi kuwa mai kakakin ainihi, wanda aka ari sunan daga hannunsa, idan leɓensa ya tsage ranar hawa, sai ya lashe jinin ya ci gaba da busa, domin sarki ya riga ya fito.

Duk wanda ya san ƙasar Tiga, wato Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, ya san yadda ake shirin hawa a gidajen sarauta. Tun da sauran makonni doki yake shaida cewa Sallah ta matso. A ƙara masa dawa da dusa, a jiƙa masa kanwa, a gyara kofato, a duba gadon bayansa ko sirdi ya yi masa miki, safe da yamma kuma a fitar da shi kilisa don kada ya sare a tsakiyar hanya. Babu mai hankalin da zai bar doki wata shida a turke, ya kwance shi ranar Sallah ya ce ya yi sukuwa. To amma abin da ake yi wa mutumin da zai busa a gaban dokin ke nan. Sai ranar jajibiri ake tunawa da shi, a aika masa da riga da ɗan abin goro, a ce gobe da sassafe.

Busa aiki ne na ƙarfin jiki, sahu ɗaya da dambe da kokawa da sukuwa. Tana buƙatar horo mai tsari da hutu mai ƙa'ida da duban likita. Masu sarauta da manyan ma'aikata da 'yan siyasar da suke sayen kwarjini da numfashin mabushi, bashin wannan horo yana wuyansu, kuma sun daɗe ba su biya ba.

Gadon da ake tinƙaho da shi

Kundin Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su sarautar Kano. Fiye da shekara 500 ke nan ana busa shi. Ba kowane basarake ake busa wa kakaki ba, amma da wuya a ga hakimi ya hau babu algaita ko ƙaho a tawagarsa, kuma mabusan nan duka 'yan gida ɗaya ne ta fuskar wahalar jiki.

A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiri masarautun Bichi da Rano da Ƙaraye da Gaya, ƙananan hukumomin ƙasar Tiga huɗu suka faɗa ƙarƙashin Rano. A Mayun 2024 majalisar dokokin jihar ta soke dokar, suka koma ƙarƙashin Kano. An ƙarar da tawada mai yawa kan kujera da iyaka da hukuncin kotu. A Disamban wannan shekarar kuma UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun ɗan Adam da ba a taɓawa da hannu, aka yi ta taya juna murna a Facebook da hotunan dawaki da rawuna. Abin da aka tsallake shi ne ma'anar jerin kansa. Ba sirdi ko alkyabba UNESCO ta karrama ba, waɗannan ana iya kulle su a Gidan Makama su shekara ɗari. Iyawar da ke jikin mutane ta karrama, wadda take mutuwa ranar da mai ita ya mutu ko ya kasa. Ga shi kuma tun Babbar Sallar 2024 'yan sanda sun sha hana hawa a Kano saboda rikicin sarauta. Ƙarfe ba ya mantuwa in an jingine shi a zaure. Tsoka kuwa tana yi.

Abin da ƙarfen ba ya yi

Kakaki bututu ne kawai, mai gaɓoɓin da ake harhaɗawa, tsawonsa kan kai mita biyu zuwa uku, wani ma ya zarce. Ba shi da ramukan yatsu irin na sarewa, ba shi da maɓallai irin na ƙahon Turawa. Babu komai a cikinsa da yake yin ƙara. Leɓɓan mabushi ne suke kaɗawa idan iska ta ratsa tsakaninsu, bututun ya karɓi kaɗawar ya ƙara mata amo. Sauya murya daga ƙasa zuwa sama, da yanka ta gunduwa-gunduwa har mai sauraro ya ji kamar ana kiran sunan sarki, duk aikin leɓe ne da harshe da ciki. Ashe rabin kayan busar maƙeri ya ƙera, ɗaya rabin kuwa nama ne da jini.

Nauyin ma ba inda ake zato yake ba. Kakaki ba shi da nauyi a ma'auni, amma tsawo yana ninka nauyi. Mai shakka ya samo gora mai mita uku, ya riƙe ta daga ƙarshe, ya ɗaga ta daidai bakinsa ya tsaya minti biyar. Kafin lokacin ya cika zai ji kafaɗa da wuya da ƙugu suna ba da labari. Sai ya ƙara da tafiyar sa'o'i a rana, ko zama kan dokin da bindigar 'yan baka ke firgitawa, ga bakin ƙarfe manne da haƙora.

Na biyu shi ne matsin iska. Masana kimiyyar sauti biyu a Ostareliya, Fletcher da Tarnopolsky, sun auna matsin da ke cikin bakin ƙwararrun mabusa ƙahon Turawa a 1999, suka ga a muryoyin sama masu ƙarfi yakan kai kwatankwacin nauyin ruwa mai zurfin mita biyu da rabi. Tun 1959 mujallar likitocin Birtaniya ta bayyana abin da irin wannan yunƙuri yake yi wa jini: matsin ƙirji yana tare jinin da ke komowa zuciya, abin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, sai jiri, wani lokaci har suma. Kakaki ba ya hawa can sama kamar ƙahon Bature, amma yana cin iska da yawa kuma da ƙarfi ake busa shi a fili. Algaita kuwa ita ce uwar matsi, domin ta ɗan siririn bakin kara ake tura iskar, kumatu a kumbure, ba tare da yankewa ba.

Matsin nan ba a ƙirji yake tsayawa ba. A 2000 wani likitan ido a Amurka, Joel Schuman, da abokan aikinsa sun nuna cewa matsin ruwan ido yana hawa lokacin busa kayan da ke da tauri, irin ƙahon Turawa da obo, 'yar'uwar algaita, kuma waɗanda suka fi daɗewa suna busa su sun fi nuna alamun raguwar gani. A ajiye wannan kusa da binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, wanda ya gano cewa kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da hawan jinin ido, cutar da ke cin gani a ɓoye kuma ba ta mayar da abin da ta ci. Idan tsohon mabushi ya fara lalube, sai a ce tsufa ne, ko a ce sammu. Awon da zai bambance ba ya cin minti goma.

Leɓe ma yana da iyaka. Louis Armstrong, shahararren mabushin Amurka da ya zo Najeriya a 1960 har ya gana da Sardauna a Kaduna, ya yi wa leɓensa lahani a shekarun 1930 saboda busa ba hutu, sai da ya ajiye ƙaho na watanni. Daga laƙabinsa, Satchmo, wani likitan fiɗa na Sifaniya ya raɗa wa yagewar tsokar da ta zagaye baki suna a 1982. Freddie Hubbard, wani gwanin, leɓensa ya fashe a 1992, ya ci gaba da busa a kan mikin har ya ruɓe, bai ƙara komawa yadda yake ba. Waɗannan masu kuɗi ne da likitoci. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saura kunne da huhu. Ƙa'idar hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ita ce ƙarar da ta kai desibel 85 kada a wuce awa 8 a cikinta, wadda ta kai 100 kuwa minti 15 ne iyakarta. A 2018 kotu a Landan ta ba wani makaɗin gidan wasan Royal Opera House, Chris Goldscheider, gaskiya, bayan kunnensa ya lalace a 2012 saboda an zaunar da shi gaban mabusa, ƙarar ta haura desibel 130. Mabushin fada a tsakiyar tambura da bindigogi yake yini. Cikin bututun kuma, inda yawu da danshi ke kwana, gansakuka da ƙwayoyin cuta sukan yi gida, likitoci sun rubuta labarin mabusan da tari ya addaba shekara da shekaru, bai lafa ba sai da aka wanke ƙahon. A ƙasar da tarin fuka bai ƙare ba, karɓa-karɓar bakin kakaki tsakanin uba da ɗa da ƙane ba abin wasa ba ne.

Darasin madatsar ruwa

Mutanen Tiga ba sa buƙatar a je Turai a nemo musu misalin numfashi, yana bayan gidansu. Madatsar da aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako ba yawan ruwanta kaɗai ne amfaninta ba. Kogin Kano ya daɗe yana kawo ruwa da damina yana wucewa da shi. Abin da madatsar ta ƙara shi ne tarewa da saki da lissafi, ta ƙofa mai ma'auni, har ruwan Agusta ya shayar da tumatirin Kadawa a watan Maris. Haka numfashin mabushi yake. Binciken masana bai tsaya kan cewa busa tana ƙara girman huhu ba. Abin da horo yake gyarawa shi ne cikawa da sauri da saki da ƙa'ida. Arnold Jacobs, wanda ya busa babban ƙahon tuba a ƙungiyar makaɗan Shikago daga 1944 zuwa 1988, yana fama da asma, amma ya zama malamin numfashi da mabusa ke yi wa tattaki daga ƙasashe. Abin da ya fi yaƙa shi ne ɗaure ciki da maƙogwaro da sunan ƙarfi, domin mai yunƙuri kamar zai ɗaga buhu toshe ƙofar yake yi da kansa.

Horon kuwa babu wani abu a cikinsa da ya fi ƙarfin talaka. Mabushi ya tsaya a miƙe, kafaɗa a sake, ya shaƙi iska cikin ƙirga huɗu har haƙarƙarinsa ya buɗe ta gefe da baya, ya sake ta a hankali cikin ƙirga takwas. Bayan kwanaki ya kai sha biyu, ya kai sha shida. Ya manna 'yar takarda a bango ya riƙe ta da iskar bakinsa kaɗai, don ya ga ko iskar tana tafiya daidai ko tana rawa. Minti goma da safe sun isa, kuma da ya ji jiri ya zauna. Mai algaita ya sa kara a ƙoƙon ruwa yana hura kumfa, ya koyi tura iskar kumatu yayin da hanci ke shaƙar sabuwa, dabarar da malaman busa a ƙasashe da yawa suke fara koyar da yara da ita. Bahaushe ya riga ya faɗi ƙa'idar: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Leɓe kuma ɗumi yake so kafin aiki, kamar kowace tsoka. A fara da kaɗa shi babu ƙarfe, irin furzar doki, sannan a ɗauki kakaki a ja murya ɗaya doguwa a hankali, ba da ƙarfi ba. Malaman busa suna da wata ƙa'ida da ta cancanci a rubuta ta a ƙofar gidan kowane Sarkin Busa, cewa a huta gwargwadon yadda aka busa. Minti ashirin kullum ya fi awa uku rana ɗaya a mako. Idan mabushi ya ga sai ya danna ƙarfen a kan haƙora kafin murya ta fito, to leɓen ya gaji, ci gaba daga nan ɓarna ce. Shi ya sa tawagar da ke da mabusa biyu ko uku suna karɓa-karɓa ba almubazzaranci take yi ba.

Sai kafaɗa da gadon baya da ƙafa. A nan ne za a ce ai mabusan ƙauye manoma ne, wanda ya yini yana dashen shinkafa a Tudun Wada ko huɗar masara a Doguwa wane motsa jiki zai nema? Ƙarfin noma gaskiya ne, amma na duƙawa ne. Yana ƙarfafa ja da sara, yana kuma tanƙwara baya ya rufe ƙirji, alhali busa tsayuwa take so da buɗaɗɗen ƙirji da hannu a sama. Maganin shi ne miƙa ƙirji a bakin ƙofa, da matse allon kafaɗu ta baya, da ɗaga gora daidai baki ana ƙara lokaci kaɗan-kaɗan, da tafiya mai sauri ta rabin awa. Iyo ma yana da kyau ga ƙirji, sai dai ruwan madatsa da na magudanan rani gidan tsargiya ne, kada a je neman ƙiba a samo rama.

Kalandar aikin ita ma tana da nata tarko. Hawan Ƙaramar Sallah yana zuwa ne bayan azumin kwana 29 ko 30, jiki ya bushe, barci ya ragu, sannan a shiga kwanakin Hawan Daushe da Hawan Nasarawa a jere. Mabushin da ya jingine kakaki tun ganin wata ya ɗauko shi ranar Idi ya fafe gora ranar tafiya. Kamata ya yi ya riƙa ɗan taɓawa bayan an sha ruwa, ya sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur. Lokacin hunturu ya shafa man kaɗe a leɓe, ya rufe hanci in ƙura ta taso. Haƙoran gaba kuwa su ne dirkar da leɓe ke jingina da ita, faɗuwar guda ɗaya tana iya sauya busar mutum gaba ɗaya.

Masu cewa a'a

Hujjar farko da za a kawo ita ce kakanni sun shekara ɗari biyar suna busa ba su san wani motsa jiki ba. Wannan rashin sanin kakannin ne. Sun san horo, sai dai ba su ware masa suna ba, domin rayuwarsu ce horon. Yaro yana tashi a gidan busa, ya fara da kara da ƙaramin ƙaho, ya shekara yana ɗaukar wa babansa kaya kafin a bar shi ya busa a gaban sarki. A fadoji da dama mabusa da makaɗa sukan taru ƙofar fada duk daren Juma'a su yi sara, al'adar da David Ames da Anthony King suka bayyana a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971. Ga rangadi, ga tarbar baƙi, ga tafiyar ƙasa. Fada kuma ita ke ciyar da su. Mabushin yau manomi ne ko ɗan acaɓa ko mai awo a Kwanar Dangora, wanda ke ɗaukar ƙahon sau ƙalilan a shekara. An rushe tsarin da ke gina jikin, ana kuma neman jikin ya yi aikin da.

Hujja ta biyu ita ce busa gado ce, a jini take, wasu ma su ƙara da cewa akwai asirin da ake sha. Gado gaskiya ne, amma gado yana ba da kunne da hanya ne, ba ya ba da tsoka. Ɗan dambe ma gado yake yi, yana kuma ɗaura laya, duk da haka ba a taɓa ganin wanda ya shiga fage da laya kaɗai ba tare da ya sha gudu da dukan buhu ba. Kiran abin baiwa hanya ce mai sauƙi ta kauce wa biyan kuɗinsa, tunda abin da aka ce daga Allah yake ba a yi masa kasafi.

Hujja ta uku ba a cika faɗin ta da baki ba, amma ita ce gindin sauran: mabushi maroƙi ne. Ɗan bokon da zai biya kuɗin wata a gidan motsa jiki a Nasarawa, ya sayi agogon da ke ƙirga bugun zuciyarsa, shi ne zai yi dariya in an ce mai algaita yana buƙatar likitan fisiyo. Wani kuma sai ya fake da addini. Malamai sun daɗe suna saɓani kan kiɗa da bushe-bushe, kuma ba wannan ne zauren warware saɓanin ba. Wanda ya ƙaurace wa busa gaba ɗaya saboda fahimtarsa, an san matsayinsa, ba a bin sa komai. Amma wanda ranar naɗinsa ya sa aka busa masa har unguwa ta amsa, ya ɗora bidiyon a intanet, ba shi da damar tuno fatawa ranar da mabushin ya zo da takardar asibiti. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Hujja ta huɗu ita ce mafi nauyi, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Yankin da ke fama da tsadar taki da matsalar tsaro a dajin Falgore da asibitocin da ba su da isassun ma'aikata, ina shi ina leɓen mabushi? Da abin yana cin miliyoyi da hujjar ta tsaya. Amma mabusan gundumomin nan huɗu ba runduna ba ne. Awon jini da na ido da duban haƙori sau ɗaya a shekara, da 'yan tosassan kunne, da sabulu da burushin wanke bututu, ba su kai kuɗin kayan doki guda na babban hakimi ba. Ba rashin kuɗi ne ya hana ba, rashin ganin mutumin ne. Masu cewa kuma a naɗi sautin a riƙa sakawa a lasifika, sai su fara da kansu, ranar hawa su aika da hotonsu a ɗora kan dokin.

Wa zai yi me

Majalisar masarauta da ofisoshin hakimai su ne farko. Su rubuta sunayen mabusansu, su sa su cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar, KSCHMA, su kuma mayar da busar mako-mako ko da babu biki, da ɗan alawus ɗin da zai sa mutum ya bar kasuwa na awa biyu. Wata guda kafin kowace Sallah a duba hawan jini da matsin ido da ji da haƙora da ƙirji. Gwajin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Wanda aka samu da hawan jini mai tsanani ko ƙaba ko ciwon ido, a yi masa magani, a ba shi matsayin mai koyarwa da haƙƙinsa cikakke. In ba haka ba babu wanda zai yarda a auna shi, domin kowa zai ga awon hanyar raba shi da abincinsa ce.

Jami'ar Bayero tana da sashen fisiyo, tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya da hikimomin al'umma. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki babba wajen taskace makaɗa da mawaƙan Hausa, K. A. Gourlay kuma ya rubuta tarihin dogayen ƙahonin Arewa a 1982. Mataki na gaba shi ne sassan biyu su zauna tebur ɗaya da tsofaffin mabusa, a tambaye su yadda aka horar da su, me suke ci, me suke gudu, ina ke musu ciwo, a auna matsi da ƙarar kakaki da algaita da na'ura, a fitar da ɗan littafi da sautin rediyo cikin Hausa. Birtaniya ta kafa ƙungiyar likitocin masu wasan fasaha tun 1984. Ba kwaikwayonta ake nema ba, tsofaffin nan suna da nasu ilimin, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar, wadda ke Gidan Ɗan Hausa, ita ta fi dacewa ta haɗa zaman.

Amfanin ba zai tsaya a fada ba. 'Yan badujalar soja da na 'yan sanda, da yaran makarantun da ake miƙa wa begila ranar fareti ba tare da an nuna musu yadda ake shaƙar iska ba, duk jiki ɗaya suke aiki da shi. Malamin motsa jiki a sakandaren Bebeji ko Ƙiru zai iya koyar da abin da aka zayyana a sama cikin mako guda.

Bahaushe ya ce jiki magayi. Jikin mabushi ya daɗe yana faɗa, da leɓen da ya yi kanta, da kunnen da sai an ɗaga murya, da idon da ya dushe tun kafin furfura ta gama fitowa. Ɗansa yana kallo, yana kuma lissafi. Ranar da ya zaɓi babur a kan ƙahon gidansu babu mai ikon zarginsa. A ranar kakakin majalisa zai iya fitar da sanarwar alhini kan gushewar al'ada, amma ba zai iya ɗaga ƙarfen ya fitar da ko murya ɗaya ba. Kafin a kai can, duk basaraken da zai aika a fitar da dokinsa kilisa gobe da safe, ya tambayi bafadensa ina mabushi, yaushe rabon da ya busa, kuma yaushe rabon da wani ya duba idonsa.